Ranar da Aka Yi wa Gudron Wanka

Kun taɓa ganin hanyar mota da aka yi wa wanka? In ba ku taɓa ba, to ba ku san Alhaji Munkaila ba, kuma kun yi babbar asara.

Alhaji Munkaila shi ne Farzida, wato shugaban iyayen 'yan lakwal, 'yan makarantar boko ke nan, a wani gari na bakin gudron, babbar hanyar kwalta, tsakanin Ƙonni da Dogarawa. Ba shi da ɗa ko guda a lakwal ɗin, nasa duk suna karatu a Yamai, amma wannan ƙaramin abu bai taɓa rage masa himma ba. Mutum ne mai tsari. Ba ya fita sai an shirya, ba ya zama sai an shirya. Ko gaisuwar mutuwa ba ya zuwa sai ya aika an duba inda za a shimfiɗa masa darduma. Saboda tsananin ƙauna, mutanen gari suka sa masa Alhaji Sai-An-Shirya. Shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Garin nasa Allah ya yi shi da wata irin baiwa: gidaje suna kudu da gudron, lakwal tana arewa. Kowace safiya yara na bin gefen hanyar da ba ta da gefe. Kamiyon siminti, babbar motar kaya, na hura musu iska a kunne, na albasa na bin sa, 'yan kabu-kabu na kutsawa tsakani da jarkoki a baya. Yaran ƙauyuka kuma su taho biyu-biyu a kan keke guda, na gaba yana tuƙi, na baya yana salati.

A nan dole a yaba wa Alhaji. Ya tashi tsaye. Ya yi jawabi a gidan rediyo, ya yi a buro, wato ofishin magajin gari, ya yi a wurin suna har mai jego ta gaji. Jawabi goma sha ɗaya, kowane da fotonsa.

"Ni, Munkaila, na ce gwamnati ta fiddo kuɗɗi!" in ji shi, yana gyara hannun riga. "A yi wa ɗiyanmu hanyar ƙafa tasu ta kansu, da ta keke, da tudun rage gudu bakin lakwal! In ba a yi ba, tarihi shina kallo, ni ma ina kallo!"

Cikin masu tafa masa babu kamar Wasila mai ƙosai. 'Yarta Nasiba, 'yar aji huɗu, kabu-kabu ya kwashe ta a bakin lakwal, mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma har yanzu da sanda take tafiya. Uban yarinyar, Mamadu, ya yanke magana: in ba a gyara hanya bana ba, Nasiba ta gama karatu. Ba zai ba gudron ƙafa ta biyu ba. Wasila ba ta da abin riƙo sai bakin Alhaji.

Sai ga labari daga Tawa. Wata tawagar gwamnati za ta zagaya garuruwa uku, kuɗin aikin kuwa na gari ɗaya ne, wanda haɗarinsa ya fi muni. Za su iso ranar Litinin da safe, daidai lokacin da yara ke tsallakawa, su gani da idonsu.

Da wani rago ne, da sai ya naɗe hannu ya bar hanya ta yi wa kanta bayani. Amma Alhaji ba rago ba ne. Ya fito ya dubi ramuka, ya dubi ledoji, ya dubi hayaƙi, kunya ta rufe shi har wuya.

"Manyan baƙi daga Tawa su iske garina haka? Da raina? A'a, wallahi. Sai an shirya."

Aka shirya. Tsintsiya arba'in ta hau gudron. Amalanke ya kwaso marmara aka cike ramuka. 'Yan garuwa suka yayyafa ruwa har kwalta ta yi sheƙi kamar goshin amarya. Alhaji da kansa ya je wurin shugaban 'yan kabu-kabu, aka yarda za su bi ta bayan gari. Direbobin kamiyo kuma aka roƙe su da girman Allah da girman Alhaji, aka jera motocinsu bayan kasuwar dabbobi inda ido bai kai, aka zaunar da su ga shayi ga balangu har azahar. Daga wani kanti a Ƙonni aka aro kekuna sababbi guda ashirin, ko ledar sirdi ba a cire ba. Yara kuwa tun da sassafe aka tsallakar da su, an yi musu wanka, an shafe su da mai, aka jera su sahu biyu.

Wasila ta taho da Nasiba, ta tsayar da ita a sahun gaba. Alhaji ya hango sandar tun daga nesa.

"Uwar Nasiba, mi na wanga? Sanda gaban baƙi? Maida ta gida ta huta."

"Baba Alhaji, ai ita suka zo gani."

"Ni suka zo gani, ɗiyata. Ni ka yi musu bayani. Ke dai ki yi addu'a."

Aka mai da Nasiba gida ta huta.

Tawaga ta iso. Shugabarta wata injiniya ce, Madam Asma'u, mace mai ƙarancin magana. Ta ƙi kujerar da aka shimfiɗa mata kilishi, ta tsaya bakin hanya tana ƙirga abin da ke wucewa. Ta tsaya, ta tsaya. Jaki guda ya wuce. Sai motar Alhaji, da aka aika ɗauko ƙanƙara. Sai motar Alhaji ta dawo. Yara ashirin suka gilma a kan kekuna masu walƙiya, suna waƙar maraba.

Madam ta juyo. "Farzida, kullum haka hanyar nan take?"

Kalma ɗaya ake nema. Bakin da ya yi jawabi goma sha ɗaya a kan haɗarin hanyar nan, kalma ɗaya ba za ta gagare shi ba. Alhaji ya dubi magajin gari. Ya dubi mai ɗaukar foto. Ya dubi kwaltar da ya kwana uku yana wa hidima, ga ta tana sheƙi, gwanin ban sha'awa. Ya ji a ransa mutum ba ya gyara abu haka sannan ya kushe shi a gaban baƙi.

"Madam," ya ce, ya daki ƙirji, "tun da na hau kujerar ga, ko kaza ba a taɓa takewa ba nan wurin."

Daga can baya Wasila ta ɗaga murya. "Madam! Madam!" Amma Alhaji mutum ne mai tsari, ya ɗauko maroƙi mafi ƙarfin murya a yankin. Maroƙi ya kwarara kirari, kalangu ya amsa, aka wuce wurin cin rago.

Kuɗin aikin ya tafi wani gari wajen Badagishiri. Farzidansu, wani sakarai, ya mance da ranar ma gaba ɗaya, yana can garka yana ban ruwa. Tawaga ta iske hanya yadda Allah ya yi ta, har wani kamiyo ya kusa tafiya da madubin motarsu. Yanzu yaran can suna da hanyar ƙafa da ta keke, babu ko jawabi guda.

Alhaji kuwa bai tashi a banza ba. An aiko masa takardar yabo, an ce garinsa abin koyi ne. Ya sa mata gilashi, ya rataye a zaure daidai inda mai shigowa zai fara gani.

"Sun ce sauran garuruwa su zo su koya wurinmu," yake faɗa wa duk wanda ya yi sallama. "Ni ban roƙa ba. Aiki ne ya yi magana."

Nasiba tana nan kudu da gudron, gefen kaskon uwarta, tana naɗe wa mutane ƙosai a takarda. In ƙararrawar lakwal ta kaɗa takan ɗaga kai, sannan ta ci gaba da naɗi. Alhaji yakan aika a sayo masa, kuma kullum yana cewa a gaishe ta da jiki.

In kuna ganin an yi wa bawan Allah ƙazafi, abin ba wuya. Ku zo wata safiya lokacin tafiya lakwal, ku kama hannun yaro guda, ku gwada tsallakawa da shi. Roƙo ɗaya dai: kada ku gaya wa kowa kuna tafe. In Alhaji ya ji, zai shirya.