Rasuwar Dattijo, Kwalekwalen da Bai Taɓa Cewa Na Yi Nauyi Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kunnuwan da har yau ruwan tafki bai gama fita daga cikinsu ba, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da dukan masuntan bakin gaɓa rasuwar kwalekwalen gidanmu, wanda aka fi sani da Dattijo. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a tsakiyar ruwa, yana bakin aikinsa, ɗauke da mahaifina, da ni, da kifin da rabonmu bai kai gare shi ba.

Marigayin ya girme ni nesa ba kusa ba. Don kakana aka haɗa shi, kakana kuwa siririn mutum ne kamar sandar fatsa. Sai Allah Ya ba shi ɗa, wato Baba, wanda in ya zauna a ƙarshen benci sai na ɗaya ƙarshen ya dafe hularsa. Baba ya haife ni, ni kuma ban bar masa komai ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne, a jikin Baba ana kiran abin cika ido, a nawa kuwa sunansa nauyi.

Dattijo bai taɓa nuna wannan bambanci ba. In na sa ƙafa a cikinsa, sai ya ce "ƙiiiƙ," ya ɗan rusuna kamar mai gaida babba, ya gyara zama, mu tafi. Idan ni da Baba muka shiga tare, abin da ke rage tsakanin bakinsa da ruwa bai wuce faɗin tafin hannu ba, amma ko sau ɗaya bai tona mana asiri ba. Ya jure rana, ya jure ƙarnin kifi, ya jure kwaltar da ake ta liƙa masa har launinsa na asali ya ɓata.

Ni na karɓi filafilin tuƙi lokacin da gwiwar Baba ta fara ba shi matsala, ina gama makaranta ke nan. Tun daga ranar masunta suka raɗa mini Malama, ba don girmamawa ba. In na doso gaɓa sai ka ji an ce, "Ga Malama nan, a janye taruna, ruwa zai ƙaru!" Da yamma dai kowa yakan leƙa kwandona, ya gan shi cike da kifi, ya wuce.

Da yake na san jirgin da ke ɗaukar irinmu ba shi da rara, in ruwa ya shiga babu abin da zai riƙe mu, sai na samo jarkoki na wanke, na murɗa murafensu tam, na ɗiga wa kowane murfi jan fenti, na ɗaure su a ƙarƙashin kujerun marigayin. Kawu, ƙanen Baba, mai sayar wa jiragen inji fetur a rumfar bakin gaɓa, ya tsaya a kaina yana kallo.

Ya ce, "'Yar nan, duk bokon a ɗaure wofi ya ƙare? Me ke cikinsu?"

Na ce, "Iska, Kawu."

Ya ce, "To madalla. Wannan shi ne iskanci mai takardar shaida."

An yi ta dariya har mako ya zagayo. Amma a daminar da ta biyo baya hadari ya ritsa mu, ruwa ya cika Dattijo har baki, ya ƙi nutsewa. Iskar nan ta riƙe shi, muka kwalfe ruwan da roba, muka dawo gida a jiƙe da ranmu.

Game da ciwon ajalinsa, gaskiya ne ya daɗe yana fama da yoyo irin na tsufa, amma ba shi ya kai shi ba. Ranar Talata wani babban jirgin inji ya gifta kusa da mu, igiyar ruwansa ta haura bakin Dattijo ta zubo ciki. Hankalina bai tashi ba, na jawo roba. Sai na ji wata murya daga ƙarƙashin kujera wadda ban taɓa jin ya yi ba: "ɓul, ɓul, ɓul." Kalamansa na ƙarshe ke nan. Ya tafi a hankali, ta baya, cikin natsuwar da aka san shi da ita.

Baba ba ya iya iyo da wannan gwiwa. Na ce ya kama kafaɗata, kada ya saki ko me ya faru. Na kwanta rigingine ina tura ruwa da ƙafa, ina shan wanda ban yi niyya ba, gaɓa kuwa kamar ana ja da ita baya. Ina so duk mai karanta wannan sanarwa ya sani: jikin nan da ake yi wa waƙa, shi ne bai nutse ba, shi ya fito da mutum biyu.

Kafin numfashina ya dawo, Kawu ya riga ya sanar da jama'a musabbabin rasuwa. "Ai na faɗa! Katako ma yana da iyaka." Da muka koma gida Baba ya ce ba zan sake taka jirgi ba. Ya ce, "Ba don komai ba, uwata, bakin mutane ya ishe ni." Ban yi kuka a gaban kowa ba. Na zauna a ƙofar gida ina ɗinke taru, ina amsa ta'aziyyar mutanen da ke kallon cinyata maimakon fuskata.

Shekaranjiya masunta suka taimaka da igiyoyi aka fito da gawar, aka duba ta a gaban shaidu. Jarkokin suna nan inda na ɗaure su, ƙullina ko motsi bai yi ba. Sai dai kowace cike take da ruwa, babu murfi ko ɗaya, an toshe bakinta da tsumma kore mai ratsi. Duk bakin gaɓa babu wanda bai san rigar da aka yago tsumman nan daga jikinta ba, don Kawu ya sa ta har ta gaji da shi. Aka waiwaya rumfarsa gaba ɗaya. Ga jarkokin fetur a jere, kowace da murfi mai ɗigon jan fenti.

Kawu ya sosa ƙeya ya ce, "To ni ina na sani? Jarka ba komai a ciki, me ake rufewa?"

Saboda haka iyalan marigayin na roƙon a gyara maganar da ke yawo. Dattijo bai mutu da nauyina ba. Rashin murfi ne ya kashe shi.

Ya rasu ya bar filafili biyu, ɗaya da tsagewa. Robar kwalfe ruwa, wadda ta yi iya ƙoƙarinta. Turken da ake ɗaure shi, wanda har yanzu bai san abin da ya faru ba. Sai Baba, sai ni. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa.

Za a yi jana'izarsa ranar Asabar da safe a gindin bishiyar bakin gaɓa, inda za a kwance katakansa ɗaya bayan ɗaya. Kawu ne zai kama ta wajen kai, inda ya fi nauyi. Masu raha da sunan Malama an tanadar musu layin gaba.

Kujerar tsakiya kaɗai ba za a haɗa da ita ba, wadda zamana ya goge har tana sheƙi. Jiya Baba ya ciro ta da hannunsa, ya ce in biyo shi, yana ɗingishi har shagon kafinta, ya ajiye ta a kan tebur. Kafinta ya tambaye shi girman sabon jirgin da yake so. Baba bai kalle ni ba, ya dai nuna ni da haɓa.

Ya ce, "Ita za ka tambaya, ita za ta tuƙa. Ka buɗa masa ciki, ka ɗaga bakinsa. Ƙarƙashin kujera kuma ka bar wa iska wurinta."

Masu zuwa ta'aziyya kada su wahalar da kansu da ɗauko komai. Wanda ya ga lallai ba zai zo hannu wofi ba, ya taho da murfin jarka.