Yadda Za Ki Sosa Cikin Wata Takwas a Gaban Uwar Miji

Ke mai cikin wata takwas, wadda jajayen ƙuraje suka feso wa kamar borin jini, suka bi layin nankarwa har cinya, matso kusa. Na san uwar mijinki ta sauka da jakarta jiran haihuwa, kuma tun kafin ta sha ruwa ta kafa doka: ba susa. Wai duk inda farcenki ya bi, nan jikanta zai fito da tabo. Bakwai na haifa, shida na sosa. Wanda ban sosa ba shi ne mai tabo a goshi, shi ma daga keke ya faɗo. Ki bi matakan nan, na yi miki alkawarin za ki sosu, kuma sunanki na surukar kirki ba zai taɓu ba.

1. Ban da gardama

In ta ce, "'Yar nan, sauke hannun," ki ce, "To, Mama." Kada ki soma cewa malamar awo ta ce abin ba ya taɓa jariri, kuma yana bajewa bayan haihuwa. Gaskiya ne. Amma za ta ce, "Ita malamar 'ya'yanta nawa?" Daga nan kin sayi tarihin haihuwa tara, kowace da naƙudarta, ga hannunki a fili tana kallo.

2. Ki san kayan ɗakinki

Farce aka hana, ba a hana tebur ba. Zagaya gidan ki auna duk abin da tsayinsa ya zo daidai cibiya: gefen tebur, kusurwar firij, hannun ƙofar kicin. Ɗauki tsumma. Hannu yana goge saman tebur, ciki yana goge gefensa. Sau biyar a wuni ba laifi. Da kunnenki za ki ji tana ce wa ɗanta, "Yarinyar nan dai akwai tsafta."

Ban da kujerar roba. Tana ƙara.

3. Fuska

Masana, wato ni, sun gano ba hannu ke tona asirin mai susa ba, fuska ce. Lumshe ido, sakin baki, da wannan "wash" da ke kuɓucewa. Ba wanda ya taɓa jin daɗin goge firij haka. Ki ɗaure fuska kamar an ce miki baƙi goma na hanya.

4. Kada ki dogara da maigida

Zai yarda ya sosa miki, har da nannaɗe hannun riga. Sai ya shafa sau uku kamar mai lallashin kyanwa, ya ce, "Ya isa ko?" Bai isa ba. Da safe kuma, cikin tausayi, zai ce, "Mama, kin ga yadda cikinta ya yi ja kuwa? Duk sawun farce." Ba mugu ba ne. Ɗanta ne.

5. Karɓi maganin kowa

Maƙwabciya za ta kawo toka, matar mai shago ta ce man goge baki, ƙanwar mijinki da ko saurayi ba ta da shi ta ce ai alamar namiji ne. Yi godiya, jera su a taga. Ki shafa wanda aka ba ki a asibiti, ki ɗora tsumma mai sanyi. Ranar da ya lafa, kowa zai ce nasa ne.

A nan ban da wasa: in tafin hannu da tafin ƙafa ne ke ƙaiƙayi, ko ba ƙurji ko ɗaya, ajiye takardar nan ki tafi asibiti yau.

6. Ranar da aka kama ki

Za ta zo. Kuna zaune a falo, ba tebur kusa, hannunki ya shige ƙarƙashin mayafi da kansa.

"Me nake gani?"

Kada ki zare hannun. Zaro ido.

"Mama, ya motsa!"

"Kai! Ina?"

Kamo hannunta ki ɗora. Tafin da ya shekara hamsin yana wanki ya fi kowane mataji, ga zobe biyu kyauta.

"Nan. A'a, ya gudu sama. Hagu kaɗan, Mama. Bi shi, bi shi!"

"Ja'iri, ƙiriniyar ubansa ya ɗauko!"

"Ya koma ƙasa. Ɗan danna."

In kin iya jan zancen, sai ta zagaye cikin sau uku tana yi wa jikanta kirari. Ita ta sosa, ba ke ba, dokarta kuma tana nan daram.

Sanarwa

Idan ta ɗago ta dube ki ta ce, "'Yar nan, yaro ne ke motsi har a gadon baya?" to ni ban san ki ba, ban taɓa rubutu ba, idona ma ba ya gani sosai. Wadda ta sha faɗa, ta sha da kunnenta.