Maɓallai Biyar

"Lafiya lau, ya aiki? To, ajiye almakashin nan ka saurare ni, Sarkin Ɓata Yadi."

Haka na faɗa shagon tela, ɗan kawuna, ko gida ban biya ba daga wurin aiki. 'Yata mai shekara huɗu da rabi tana biye da ni, rigar makarantarta tana hannuna. Wata biyu ke nan kullum safiya sai mun yi daru a kan maɓallai biyar. Ta ce ita za ta ɓalla, ta kasa, ta fashe da kuka, ni kuma in makara. Yau malamarta ta ce idan hannun yarinyar bai faɗa ba zuwa ƙarshen zango, ajin za ta maimaita. Na gaji, kuma raina a jagule yake.

"'Yar gwaggo! Wa ya koro ki? Kin yi yaushi kamar tsumman goge keke."

"Cire maɓallan nan ka sa min zif."

"Laifin maɓalli ne? Gado yarinya ta yi. Ke da kika shekara tara kina sa takalmin hagu a ƙafar dama."

"Kai fa? Sai da ka yi gemu ka daina zubar da shayi a cinya."

"Ni? Ina wata bakwai na zura zare a allura. Cikin duhu. Da hannun hagu."

"Shi ya sa har yau ɗinkinka kamar a duhu aka yi shi."

Na zauna a kan benci. Na ce masa, "Ban da wasa, tsoro nake ji. Kada a ce wani abu ne ke damun hannunta."

Sai ya nuna min bayan teburin yanka da haɓa. Ashe yarinyar ta samu wata kwat da aka rataya a kujera. Daga ƙasa ta faro, harshe a waje, tana faɗa wa kanta, "Tura, kama, ja." Ta tsallake kafar maɓalli ɗaya, ta lura, ta ɓalle ta sake. Tela ya zaro alewa ya kaɗa mata a gaban hanci.

"Tsaya, Kawu, ban gama ba."

Maɓalli shida, ta ɓalla su tsaf, sannan ta miƙa hannu ta karɓi alewarta. Na dubi rigar da ke cinyata, na wurga masa.

"Kai mai allura a duhu, ɓalla min wannan."

Ya tura maɓalli, ya ƙi shiga. Ya murɗa, ya sa farce, har da haƙori.

"Kumbura ya yi. Wanki ne ba ki iya ba."

"Maɓalli ne ke kumbura? Wa ya ɗinka rigar?"

"Wani tela ne. Ya yi tafiya."

"Mai gemu? Mai zubar da shayi?"

Ya sosa ƙeya. "Ƙananan ne suka ƙare min, na sa manya. Kafar ce na manta ban ƙara ba."

"Wata biyu! Wata biyu ina yi wa 'yata tsawa a kan aikinka!"

Ya ɗauki reza ya buɗe kafofin, ya bi bakinsu da zare, ko ɗaga kai bai yi ba. Aka sa mata rigar. Tura, kama, ja, har biyar. Ta dube ni tana jiran in ce wani abu, ni kuwa hawaye ne suka cika min ido.

Tela ya juye maɓallai masu launi a tafin hannunta, ya kwashe da dariya.

"Na sallama, 'yar gwaggo. Gobe ki gaya wa malama, ajin nan ni zan maimaita shi."