Ƙugiyar Ɓarawon Ƙararrawa

"...lafiya lau, Ango. Ashe kana nan da ranka? Na ɗauka rabon gadon burusanka zan tarar."

"Ina nan daram, Amarya. Ke za ki riga ni, da idon nan naki da kwamfuta ta mayar kamar na mujiya."

Tsohon yana zaune a ƙofar ɗakinsa, gwangwanayen fenti busassu jere a bayansa. Shekara arba'in ya yi yana zana fastar sinima da hannu kafin injin bugawa ya zaunar da shi. Jikarsa ce ta gaji sana'ar, sai dai ita a kwamfuta take yi. Yau fastar wani fim ta kawo: wannan ne babban aikinta na farko, da la'asar za a kai wurin bugawa, darakta kuwa ya dawo mata da shi sau biyu.

Ta buɗe kwamfutar a gabansa. Ya gyara tabarau, ya yi tsaki.

"Haruffa masu 'yan ƙafafu kuma? Fim ɗin yaƙi su, na aljanu su, na soyayya ma su. Ku ba ku da wasu?"

"Darakta ne ya nace. Wai ko labarin akuya aka sa wa su, sai a ɗauka fim ɗin ya ci kyauta. Kai ka ma san asalinsu? A gindin wani ginshiƙin dutse aka sassaƙa su, kusan shekara dubu biyu ke nan, ana yabon wani sarki da ya ci yaƙi."

"Ni za ki gaya wa? Wa ya riƙe musu guduma?"

"Dama na faɗa! Shekarun nan da kake ɓoyewa, yau sun fito."

"Kuma kafin a sa guduma, da burushi aka fara zana su. 'Yar ƙafar nan da kike gani, wurin da mai zane yake ɗage hannu ne. Kwamfutarki ta gaya miki wannan?"

"Ba ta da haƙoran yin ƙarya irin taka."

"Ni ma ai ba ni da su. Mene ne sunan fim ɗin?"

"Ɓarawon Ƙararrawa."

Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Sai ya fashe da dariya har da tari.

"Wayyo cikina! Wa ya ɗora wa B lauje a ka? Wannan K kuma wa ya mare ta?"

Kunya ta kama ta, ta ɓata rai. "Masu dutsen ne ba su san harafi mai ƙugiya ba. Babu Ɓ, babu Ƙ. Waƙafi na juya na liƙa musu. Darakta ya ce in ban gyara ba yau, wani zai ba aikin."

"Au, shi ya sa aka tuna da miji. Wata uku ban ga ƙeyarki ba."

"Ina can ina neman saurayi mai gashi."

"Ki je shi ya zana miki."

"Haba Ango, farin wata, mai hannun zinariya!"

"Ɗazu gawa nake, yanzu na zama zinariya. Ɗauko min kwali da tawada, ja'ira."

Ta ɗauko da gudu. Ya tsoma burushi, ya ɗaga, sai ga hannun yana rawa. Tawada ta ɗiga a kan kwalin. Ya ƙura wa ɗigon ido. Sai yanzu ta gane dalilin da gwangwanayen suka bushe. Ta zura hannunta ƙarƙashin wuyan hannunsa ta tallafe.

"Kar ka ɗauka so ne. Kwalin nake tausayi."

"Ke dai riƙe, kina wari kamar wayar lantarki ta ƙone."

Ya ja gindin harafin Ɓ sannu a hankali, ya ɗage, ƙafa ta fito tsaf. Da ya kai sama bai tsaya ba, ya murɗa burushin sau ɗaya, ƙugiyar ta lanƙwaso siririya kamar da ita aka haifi harafin. Ya yi wa Ƙ haka. Jikar ta saki baki, ta ɗauki hoto da waya ta tura wa darakta. Ko minti biyu ba a yi ba amsa ta shigo: a buga.

"Me ya ce?"

"Ya ce ba laifi."

"Maƙaryaciya, ga haƙoranki a waje. To sharaɗina: sunana a saman na jarumin fim, da manyan haruffa."

"A can ƙasa, kusa da mai riƙe fitila, wanda sai an sa tabarau."

"Ni da zan karanta dama da tabarau nake. Amma ki faɗa da bakinki, wa ya fi?"

Ta juya kai, ta juyo, dariya ta ƙwace mata. Ta zaro katin gayyata biyu daga jaka ta ɗora masa a cinya.

"Ka fi, tsoho, ka fi ni ka fi kwamfutar. Ga kujerar gaba ranar haska fim. Amma wallahi ka yi minshari, cewa zan yi ban san ka ba."