Ta'aziyyar da Na Yi da "Sori"

Dawowata ke nan daga kwas a Legas, Turanci na cina, aka yi rasuwar Alhaji Mamman, wan surukina, a Ƙofar Marusa. Tun a kan babur nake tsara kalaman da za su nuna 'yarsu ta auri wayayye.

Na durƙusa gaban surukina, dattawan da ke kan tabarmi suka ɗaga hannu suna jiran addu'a, kamar yadda aka saba. Ni kuwa na dafe ƙirji, na marairaice, na ce, "Baba, ai am beri sori." Har da bayanin cewa haka Bature ke faɗi in baƙin ciki ya kai masa zuci.

Hannuwa suka tsaya a sama, babu abin cewa amin.

Surukina ya ce, "To, mun ji naka baƙin cikin. Shi mamacin fa, ba ka da abin ba shi?"

Mutumin da ya ba ni aure, na kasa ce masa Allah ya jiƙansa.

Har yau in na shiga gidan, ƙannen matata sai su ɗaga hannu: "Yaya Sori, a sa mana albarka."