Ƙafar Hagu Ta Tona Ni a Gecheme

Har gobe ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je Gecheme gaida baban Hadiza, yarinyar da nake nema. Ita ta ja mini kunne a waya: "Baba ba ya son wandon da ke jan ƙasa. In bai ga idon sawunka ba, maganar aure ta mutu."

Ni kuwa ɗan Yamai ne, wandona har takalmi yake rufewa. Na sayi sabo na auduga, ruwan toka, na kai wa tela a Dogon Dutsi. Ya ɗauko almakashi, na riƙe hannunsa.

"Kar ka yanke, Malam. Kalmasa shi ta ciki, ka ɗan kama da zare sama-sama."

"Wanga ɗinki ba ya riƙo, ƙanena. Bari in taka da keke."

Na ce a'a (nufina in na koma Yamai in warware abina, ba wanda ya sani).

Da na isa gidan su Hadiza, munka zauna kan tabarma ni da babanta Alhaji da ƙannensa biyu. Ya dubi ƙafata, ya gyaɗa kai. Na ji daɗi, har na fara jawo hadisi, ni da rabona da makarantar allo tun ina CM2, ajin ƙarshe na firamare.

Can sai na hango zare ya leƙo a ƙafar hagu, kabar tabarma ta kama shi. Na sa yatsa a ɓoye in tsinke. Bai tsinke ba, ya biyo ni. Na ƙara ja, ya ƙara biyowa. Alhaji na tambayata aikina, ni ina naɗe zare a yatsa ina cewa "na'am, Baba". Gumi ya jiƙa mini baya. Na danne kalmasar da tafin hannu, ina roƙon Allah kar a ce in tashi.

Sai anka kira la'asar.

Na miƙe. Ƙafar dama tana bisa idon sawu, ta hagu ta zubo har ƙasa, ga layin guga raɗau inda anka naɗe. Ba wanda ya yi dariya (da ma sun yi, da ya fi sauƙi). Alhaji ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali:

"Ɗana, wace ƙafar ce ta zo neman ɗiyata?"

Na ce kuskuren tela ne. Ƙanensa ya duƙa ya taɓa yadin. "Tela bai yanke ba, yaya. An dai aje na komawa gida."

Sati uku Hadiza ba ta ɗaga wayata. Da na koma, dogon wandona na kullum na sa, na faɗi gaskiya. Alhaji ya ce, "To, yau dai ƙafafun sun yi shawara. Turo manyanka."

Tun ranar, in tela ya ce ɗinki ba ya riƙo, ba na gardama. In kuma na ga zare ya leƙo a gaban surukai, hannuna a aljihu yake.