Ɗakin Jatau a Bakin Kwalbati

Ko da zan dafa muku littafi, na san ba za ku yarda da labarin nan ba. Amma ku je Gidan Kanya ku tambayi kowa, za a nuna muku ɗakina a tsakiyar rafi. Ni ne Jatau, wanda ya yi aji uku a sakandare ya ga malaman ba su da sauran abin koya masa, ya dawo gida. Duk garinmu babu mai kaifin kaina, sai dai in hassada ta hana a faɗa.

Nomau kuwa taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, don haka tsokanarsa halal ce gare ni. Gidansu su uku ne: shi, da matarsa Tabawa, da wani jaki da ya fi shi saurin gane magana. Nomau ba mahaukaci ba ne. Abin da aka ce masa kawai yake yi, ba ragi ba ƙari. An taɓa ce masa ya tsaya bakin rijiya ya jira guga, mai gugar ya manta ya wuce gona, sai bayan la'asar Tabawa ta je ta taho da shi. Tun daga ranar ba ta ba shi aike sai ta haɗa da ƙarshensa: “Ka je, ka saya, ka dawo, ka zauna.”

Damuwar garinmu ɗaya ce, rafin da ya raba mu da kasuwa da asibiti. Da damina ta sauka mun zama tsibiri. Bara waccan a bakin rafin nan matar Ladan birkila ta haihu, ana jiran ruwa ya janye. Shi ya sa aka yi karo-karo shekara biyu, aka kira Injiniya Hansatu, 'yar garinmu da ke aiki a birni, ta zo ta yi mana kwalbati. Ta tara mu a ƙofar Mai Gari ta shimfiɗa takardar zane.

“Abu uku ne,” in ji ta, “kamar duwatsun murhu. Girman aikin, da kwanakin da muke da su, da abin da ke hannunmu. Aka taɓa ɗaya, tukunya ta karkace. Kuɗinku ya sayi siminti buhu ɗari da hamsin. Kwana arba'in ya rage ruwa ya sauka. Da akwai hali, da na ƙara wani abu a nan ƙasa,” ta nuna wani fili fari a gindin takardar, “amma babu, na soke shi.”

Ta ce tana son mai riƙe makullin sito, don ita sai ranar Asabar za ta riƙa leƙowa. Nan take na ɗaga hannu na ce a ba Nomau. Aka fashe da dariya. Ni kuwa na san lissafina: ɗakina yana bukatar daɓe, kuma raba Nomau da buhu goma bai kai shan ruwa wuya ba. Injiniya ta dube shi ta ce, “Yana ƙarya?” Aka ce bai iya ba. Ta miƙa masa makulli da takarda, ta koya masa cewa faɗin yatsa ɗaya a takarda taku biyu ne a ƙasa, sannan ta ce, “Abin da babu a takardar nan, ba a yi.”

Wata rana Mai Gari ya zo ganin aiki da fadawansa biyu. Ya ce tunda ga siminti ga ma'aikata, a ɗan yi masa dakali a gefe inda zai riƙa shan iska, a kuma yi wa mata wurin wanki. Nomau ya ciro takarda daga cikin hularsa, ya duba sama, ya duba ƙasa, ya juya bayanta.

“Ranka ya daɗe, babu dakali.”

“Kai Nomau, ni ne fa Mai Gari.”

Nomau ya sake dubawa a tsanake. “Ranka ya daɗe, kai ma babu kai a ciki.”

Mai Gari ya kaɗa riga ya tafi. Nomau bai tsaya nan ba, ya waiga ya ga rumfar da leburori suka kafa don inuwa, ya duba takarda, ya tuge ta. Sati guda suna cin abinci a rana suna tsine mini, don kowa ya san wanda ya kawo shi. Da Asabar ta zo, Injiniya ta yi dariya har da riƙe ciki, ta zana 'yar rumfa a gefen takarda ta sa hannu. Ta ce masa, “Ka gani? Ƙari ba ya shiga sai an zana an sa hannu.” Wannan magana ta shiga kunnena ta zauna.

Wata rana na gwada shi ta wajen kwanaki. Injiniya ta ba shi ƙwarya da tsakuwa arba'in, ta ce kullum da safe ya jefar da ɗaya, ranar da ƙwarya ta zama fanko aiki ya ƙare. Mu leburori kuwa kuɗin yini ake biyanmu, aikin da ya daɗe shi ne mai albarka. Na tsinci tsakuwa biyar a rafi na zuba masa yana alwala. Abin da ban lura ba shi ne tata tsakuwar inji ce mai kaifi, tawa kuwa sumul take. Bayan sallar azahar, liman bai gama shafa addu'a ba sai ga Nomau ya miƙe da hannu a buɗe.

“Jama'a, cigiya. An tsinci kwana biyar a ƙwaryata. Ba na Injiniya ba ne. Mai su ya zo ya karɓa.”

Babu wanda ya zo karɓa. Washegari ya sake, jibi ma haka. Rana ta huɗu liman ya ce don Allah mai kwanakin nan ya fito a huta. Na ce nawa ne, sun faɗi daga aljihuna. Nomau ya ƙirga mini su a tafin hannu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, “Taubashi, ka riƙa kula da kwanakinka.”

Wata rana kuma na gwada shi ta wajen siminti. Dokar ita ce ba ya fitar da sabon buhu sai an dawo masa da fankon na baya. Na ɓoye fanko ɗaya a cikin wandona, na ce akuyar innata ta cinye, in ga ko zai yi sassauci. Nomau ya kulle sito, ya bi akuya har bayan gari, ya kamo ta ya jefa cikin sito. Ladan birkila yana ihu cewa kwaɓi zai bushe, shi kuwa ya zauna a ƙofa yana jiran akuya ta mayar da kayan mutane. Rabin yini ya tafi a banza. Da Injiniya ta zo ta tambayi lissafi, ya ce, “Fanko sittin da tara, da akuya ɗaya.” Innata ta bi ni da muciya har sai da fankon ya fito daga inda yake.

Da wani ne, da ya haƙura. Amma ni ɗan boko ne, na zauna na yi nazari. Mutumin nan ba ya jin lallashi, ba ya tsoron sarauta, takarda kaɗai yake bi. To ai sai a bi da shi ta takarda.

Wata rana, saura tsakuwa tara a ƙwarya, Injiniya ta aiko cewa wani aiki ya riƙe ta, sai bayan sati biyu. An riga an zuba saman kwalbati, abin da ya rage 'yar katangar gefe ce, da buhu goma cif da aka ware mata. Na sami Nomau a inuwar sito na ce Injiniya ta yi waya, ta ce a ƙara ɗaki ɗaya. Ya miƙo takarda. Na zaro biro na nemi inda babu zane, sai wannan farin filin na ƙasa. Na zana murabba'i mai kyau, na rubuta a ciki: ɗakin Jatau, buhu goma.

“Sa hannu,” in ji Nomau.

Niyyata in yi wani ɗan kwarkwaɗon sa hannu irin nata. Amma ku sani, sa hannuna shi ne babban abin da na fito da shi daga makaranta, shekara uku ina gyara shi a bayan littafi, yana da jela kamar ta zakara. Kafin in ankara hannuna ya yi abin da ya saba. Na ce a raina ba komai, tunda bai iya karatu ba, daga baya na san yadda zan yi da takardar.

“To a ɗora wa jaki, a kai gidana,” na ce.

“Gidanka babu shi a takarda.”

Ya ɗora yatsunsa a kan zanen, ya ƙirga, ya sauka cikin rafi ta ɓangaren da ruwa ke fita daga kwalbati, ya fara taku. Taku huɗu nan, taku shida nan. Ya kafa turaku.

“Taubashi, ga ɗakinka.”

“Nomau, wa ka taɓa gani ya yi ɗaki a cikin rafi?”

“Ni ma na yi mamaki. Amma kai ka zana.”

Na yi lallashi, na yi zagi, na ce wasa nake. Ya ce an riga an sa hannu. Ya kira Ladan ya nuna masa. Ladan ya karanta, ya dube ni da wani murmushi, don bai manta da cin abinci a rana ba, ya ce shi ma'aikaci ne, abin da takarda ta ce shi zai yi. Suka haƙa, suka jera duwatsu, suka zuba kankare. Buhu goman nan duk suka tafi a daɓe kaɗai, ko bulo ɗaya ba a ɗora ba. Nomau ya ba ni haƙuri cewa kayan bango ba sa cikin lissafi. Kullum safe da yamma yana zuba wa daɓen ruwa, gari kuwa ya sami wurin kallo. Tabawa ta aiko tana tambaya yaushe zan tare, ta kawo gudunmawar tabarma.

Tsakuwa ta ƙarshe ta fita daga ƙwarya ranar Laraba, kwalbati ba katangar gefe. Ranar Juma'a da hantsi hadari ya haɗo daga gabas. Ruwan da aka yi ranar, tsofaffi sun ce sun daɗe ba su ga irinsa a farkon damina ba. Muka tsaya a tudu muna kallon rafi yana shiga kwalbati yana fita da ƙugi, yana dukan ɗakina.

Ranar Asabar ruwa ya janye, sai ga Injiniya, kuma a kan kwalbatin motarta ta tsallako. Ta sauka, ta ga babu katanga, fuskarta ta canja. Sannan ta leƙa ƙasa. Ta tattare zanen jikinta ta gangara cikin laka. Daidai inda daɓen ya ƙare, ruwa ya haƙa rami da zai haɗiye mutum har wuya. Gindin kwalbati kuwa ko ƙwarzane babu.

“Wa ya sa a yi wannan?”

Ni na fara neman hanyar gida.

“Wannan shi ne abin da na soke don babu kuɗi,” ta ce wa Mai Gari. “Ina ta addu'a ruwan farko ya zo da sauƙi, mu samu mu yi shi baɗi. Da babu daɓen nan, ramin can a ƙarƙashin kwalbatinku zai kasance, da yanzu ya fara nutsewa.”

Nomau ya cire hula ya miƙa mata takarda. “Ranki ya daɗe, ɗakin taubashi ne. Ga sa hannu.”

Ta daɗe tana kallon jelar zakaran nan. Na gyara murya na ce ai dama na hango matsalar, don mu da muka taɓa boko idonmu ɗaya ne. Ta ce madalla, tunda na iya ƙara aiki, na san ƙari da kuɗinsa yake zuwa. Mai Gari ya yanke hukunci a tsaye: buhu goma na katanga a wuyana, kuma ni zan ɗauki kwanon sarki in yi jidar kankare ranar ginin. Sannan ya juya ga Nomau, ya manta wa yake yi wa magana, ya ce, “Kada ka rabu da shi sai ya biya.”

Yau mata suna wanki a kan daɓen, har daga ƙauyukan maƙwabta ana cewa mu haɗu a Ɗakin Jatau. Ku faɗa mini wani a garin nan da aka sa wa gini sunansa. Mai Gari kansa ko dakali bai samu ba.

Na sayar da rediyona da ragon da nake kiwo, na biya buhu takwas. Sauran labarin da tsawo, amma dole in tsaya nan, don ga numfashin Nomau a ƙeyata. Wata biyu ke nan, kasuwa tare, masallaci tare, bakin banɗaki ma yana tsaye da ƙwaryarsa, tsakuwa biyu a ciki. Akwai mai sayen keke a cikinku?